Lanhon gida: ka biya da resi, sannan ka tambayi inda kuɗin suka shiga



Takardar ta iso gidanmu da sunan mahaifina, alhali shekararsa 4 da rasuwa. Telan da ke hayar ɗaya daga cikin shagunan ƙofar gida shi ya karɓe ta, ya cusa ta cikin aljihun keken ɗinkinsa har kusan kwana 20, wai shi a ganinsa takardar lanho ba abin da ake gaggawar kai wa mutum ba ne. Da na buɗe sai na ga jika 190. Na murza ido na sake dubawa. Jika 190 ɗin nan dai suna nan, har da bashin shekarun baya da tarar jinkiri.

Gidan nan ba wani gida ba ne. Ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti, ɗaki 5 a ciki, Inna da ni da iyalina da ƙannena 2 muke zaune. A waje akwai shago 2, kowane jika 10 a wata, in an biya ke nan. Ku yi lissafi da kanku ku ga abin da jika 190 take nufi a irin wannan gida.

Zan faɗi abin kunyata tun da wuri. Ina cikin waɗanda suka fita titi a 2017 da 2018 muna ƙin dokar kasafin kuɗin 2018. Na yi ihu har muryata ta dushe. Amma ranar da takardar lanhon gidanmu ta zo hannuna, ban san wane haraji ne wannan ba, ban san yadda aka lissafa shi ba, ban san wa ke karɓa ba, balle inda yake zuwa. Abin da na fara yi shi ne abin da tela ya yi: na ɓoye ta ƙarƙashin katifa.

Bayan sati 2 na ɗauka na nufi ofishin da aka rubuta a jikinta. Ban kai ga shiga ba wani mutum ya tare ni a gindin bishiya, irin waɗanda ba ma'aikata ba ne amma kullum suna nan kamar su suka gina wurin. Ya karɓi takardar, ya duba, ya girgiza kai.

"Elhaji, mi za ka shiga ciki ka yi? In sunka gan ka da idonsu ƙara maka za su yi. Kawo jika 40, ni in san yadda zan yi, takardar ga ta ɓace, kai ka huta."

Walle na yarda. Jika 40 da jika 190 ai ba a haɗa su. Matsalar kawai ba ni da jika 40 ɗin a ranar, sai na koma gida in ranta wurin Inna, don na san ta kwashi adashi. Na zayyana mata komai. Ba ta ce mini uffan ba, ta shiga ɗaki ta jawo tsohon akwatin ƙarfe na Baba daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai takardu ɗaure da zare, wasu sun yi ja don tsufa, wasu gara ta ɗan taɓa gefensu. Resi ne, shekara bayan shekara. Inna ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari, sai ta ce: "Kai, dubi nan. Babanku bai taɓa ba hukuma ko dala ba sai an ba shi takarda. In kuɗi ne ga su nan, amma da takarda za ka komo mini. In babu takarda, ka maido mini abina."

Matar da ba ta taɓa zama ajin lakwal ba ita ta hana ni jefa jika 40 a rijiya. Washegari na wuce mutumin gindin bishiya na shiga ciki.

Abu na farko da na gane shi ne, mu duk abin da hukuma ta karɓa "lanho" muke ce masa, alhali ba abu ɗaya ba ne. Akwai kuɗin kai da ake biya duk shekara ta hannun mai unguwa ko mai gari, wanda na ma'aikatar magajin gari ne, wato meri. Wannan a kan mutum yake, ko yana da gida ko ba shi da shi. Akwai harajin zaman gida da dokar kasafin 2018 ta kawo, wanda ake haɗawa cikin faktir ɗin wuta gwargwadon ƙarfin wutar da aka ja maka. Da yawanmu muna biyansa duk wata ba mu sani ba, don jimillar ƙasa kawai muke dubawa mu yi tsaki mu biya. Yau in ka koma gida ka ɗauko faktir ka bi shi layi-layi. Sai kuma wanda ya shafi ginin kansa da abin da yake kawowa, wanda ma'aikatar haraji ta ƙasa ke karɓa, a maida wa ƙaramar hukuma wani kaso. Shi ne wanda ya zo mana.

A wannan na ƙarshe, doka ba ta kallon gidaje da ido ɗaya. Gidan da mai shi yake zaune a ciki da iyalinsa daban, gidan da aka ba haya don kwana daban, shago ko ofishin da aka ba haya don sana'a daban, ginin kamfani kuma daban. Inda akwai haya, kuɗin hayar shekara su ne ma'auni, a cire wani kaso daga ciki. Kuma mai gida ake bi, ba ɗan haya ba. Kundin haraji da aka tattara a 2012 ya sha gyara, don dokar kasafi kusan kowace shekara sai ta taɓa wani abu. Saboda haka kada ka dogara da abin da maƙwabcinka ya ce ya biya shekara 3 da suka wuce. Ka je ka ce a nuna maka kason bana, a nuna maka kuɗin hayar da aka rubuta wa gidanka, ka buga lissafin a wayarka a gabansu. Ba rashin kunya ba ne. Ko a kasuwa sai ka ga tiya kafin a auna maka hatsi.

Da aka buɗe rajista sai ga inda gizo yake saƙar. A wurinsu gidanmu duka na haya ne, ciki da waje. Kuma ba ƙarya suka yi ba: akwai lokacin da Baba ya koma ƙauye da mu, ya zuba ƴan haya a ɗakunan ciki. Mun dawo shekaru da yawa da suka wuce, ƴan haya sun tashi, amma babu wanda ya je ya faɗa. Baba da yake raye shi ke zuwa da kansa ya daidaita da bakinsa duk shekara. Da ya rasu, mu magada muka raba tufafi da tumaki da gona, muka manta akwai wani littafi a wani ofishi da har yanzu yake ɗauka yana da rai kuma yana karɓar hayar ɗaki 5. A nan laifinmu ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Aka ce in rubuta ƙorafi. Ashe doka ta ba ka wannan dama: in ka ga an yi maka lissafin da ba daidai ba, ka rubuta, ka haɗa da shaida, ka ajiye kwafi mai hatimi a hannunka. Na haɗa takardar rasuwar Baba, da takardar gado, da shaidar mai unguwa cewa mu ke zaune a gidan, da yarjejeniyar haya ta shagunan. Ita yarjejeniyar ma a lokacin muka rubuta ta, don shekara 9 tela yana wurin da "Allah ya sa albarka" kawai. Aka turo wani ya zo ya duba gidan. Kuɗin suka sauko ƙasa da rabi. Na biya, aka ba ni resi, na kai wa Inna.

Kada in yi muku daɗin baki: sau 5 na je, cikin kusan wata 2. Ni ina da babur, ina karanta Faransanci, kuma aikina yana barina in fita da safe. Ɗan dako fa? Matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu da shago ɗaya fa? Yini 5 ba ciniki, ga kuɗin kabu-kabu, ga takarda da harshen da ba ta ji. Irin waɗannan su ne abincin mutumin gindin bishiya. Ba wauta ce take kai su hannunsa ba, wahalar hanya ce. Tun watan Maris na 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To madalla. Ni dai inda nake son in fara ganin wannan a aikace shi ne bayan takardar lanho: layi 5 da ke cewa ga sunan harajin, ga yadda aka lissafa, ga ranar ƙarshe, ga inda za ka kai kuka in ba ka yarda ba. A yi shi da Hausa, a yi da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a karanta a rediyo. Wannan ba ya bukatar tallafin kowa daga waje.

Na yi ta tunanin abin da ya sa muke gudun takardar nan kamar maciji. Ruwa ba ya tsami banza. Kakanninmu sun san lanho a hannun Nasara: kuɗin kai da ake karɓa da bulala, a kan wanda ya girbe da wanda fara ta cinye wa gona, ga jangali a kan dabba, ga aikin tilas da sai a 1946 aka haramta shi. Akwai garuruwan da suka kwashe suka ƙetare iyaka zuwa Najeriya don gudun wannan. Bayan ƴancin kai ma kuɗin kai na gwamnati ya ci gaba da matsa wa talaka har zamanin Seyni Kunce da aka soke shi. Abin da muka gada daga wancan zamani shi ne, haraji kuɗi ne da kake bayarwa don a ƙyale ka. Ba ka tsammanin komai a madadinsa, sai dai kada a kama ka. Kuma in haka ne, to wanda zai ƙyale ka da jika 40 ya fi wanda zai ƙyale ka da jika 190.

Sai dai jika 40 ɗin ba su goge komai. Mutumin zai iya yaga takardar da ke hannunka, amma rajista tana nan, bashin yana nan yana haihuwa. Ranar da za ka sayar da gidan, ko ka nemi takardar mallaka, ko ƴaƴanka su zo rabon gado, ranar za a fito da shi, kai kuma ba ka da abin nunawa. Na san wani a layinmu da ya yi shekaru yana "gyarawa" duk shekara. Da ciwo ya kama shi yana son ya sayar da rabin gida ya tafi neman magani, sai ciniki ya tsaya a kan bashin da shi a ransa ya daɗe da biya. Wa zai kama? Mutumin da ya karɓa ko sunansa na gaskiya bai sani ba.

Bari in ɗan ratse a nan, don akwai kuskuren da na ji mutane suna yi ta wancan gefen. Resin lanho ba takardar gida ba ce. Yana nuna ka biya, yana iya taimaka maka a matsayin shaida in rigima ta tashi, amma ba shi ne mallaka ba. Takardar fili da meri ke bayarwa daban, babbar takardar mallaka daban, kuma tun 2006 aka kawo hanya mai sauƙi ta samunta wadda ake kira "Sheda". In gidanku na gado ne kuma har yanzu komai da sunan mamaci yake, ku zauna ku gyara tun kuna shiri da juna. Akwai kashe kuɗi, ban musa ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma rigimar gado ta jikoki ta fi ta ƴaƴa muni.

Yanzu ga maganar da na san tana bakin da yawanku, don ni ma na sha faɗinta: "Mi sunka yi muna da za mu biya?"

Tambaya ce mai nauyi, ba zan raina ta ba. Daminar 2024 tana nan a ranmu. Sama da mutum 300 suka rasu a faɗin ƙasa. Maraɗi ta ga ruwan da ya ci rayuka a ƙarshen watan Agusta, a Damagaram tsohon masallacin Birni ya rushe a farkon Satumba, har shiga lakwal sai da aka ɗage. A layinmu katanga 3 suka faɗi a dare ɗaya, don magudanar ruwan da ke bayan masallaci ta cushe da leda da yashi tun shekarun baya, ruwa ya rasa hanya ya shigo gidaje. Ban ce magudana za ta tare irin wancan ruwa duka ba. Amma na ga da idona layin da aka yashe tasu, ruwan ya wuce su. Mutumin da ya kwana yana kwarfar ruwa daga ɗakin uwarsa, in ka kawo masa takardar lanho da safe, sai ka yi haƙuri da abin da zai faɗa maka.

In ka je meri za su ce mutane ba sa biya, da me za mu yi aiki? In ka zo unguwa za a ce ba sa aiki, don me za mu biya? Kowa yana da gaskiyarsa, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Shekara nawa muna wannan zagaye? Waɗanda suke jin daɗinsa su biyu ne: ma'aikacin da ba ya son a tambaye shi, da mutumin gindin bishiya. Mai gidan da bai biya ba ba ya iya ɗaga murya, don tsoro yake kada a buɗe masa rajista. Wanda ya biya ta bayan fage shi ma haka, ya biya kuma ya yi shiru. Na lura da wannan a kaina: tsawon makonnin da takardar take ƙarƙashin katifa, ko ta ƙofar meri ba na son bi. Ranar da resi ya shiga aljihuna, ranar na ji zan iya shiga kowane ofishi in zauna in ce ina da tambaya.

Wani zai ce, to kai da ka yi zanga-zanga a 2018 yanzu ka koma mai yi wa haraji talla? A'a. Abin da muka ƙi a lokacin shi ne rashin adalci. Doka ɗaya ta ɗora sabon nauyi a kan mai gida da magada, kuma ita ce ta sauke wa kamfanonin waya harajin kiran da ke shigowa daga waje. A kan wannan aka kama Musa Cangari da Ali Idrisa da Nuhu Arzika ranar 25 ga Maris 2018, suka yi wata 4 a kurkuku. Maganar tana nan har gobe, kuma a lanhon gida ma haka take. Kowa ya san a garinsa akwai masu gidajen bene jere-jere, masu hayar da ake biya da miliyoyi, waɗanda takarda ba ta isa ƙofarsu, ko in ta isa waya ɗaya ta wadatar. Tsohuwa mai shago ɗaya kuwa ita ake yi wa barazanar rufe ƙofa. In ana son mutane su biya da zuciya ɗaya, a fara daga sama, a kuma bari mu gani. Amma ni ba zan ce don mai bene bai biya ba ni ma in miƙa wa ɗan damfara kuɗin adashin Inna. Hakan ba ya rage wa mai bene komai.

Akwai kuma abin da ya canza. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 muka saba da cewa akwai wani zaɓaɓɓe a unguwa da za ka iya tarewa a wurin suna ko jana'iza ka ce masa ina maganar magudanarmu. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ce zaman majalisar gari a buɗe yake ga jama'a, ko da yake mu nawa ne muka taɓa zuwa muka zauna? Ni dai ban taɓa ba. A watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun, aka naɗa kantomomi. Kowa da ra'ayinsa a kan haka, ba shi ne zancena yau ba. Zancena shi ne lanho bai tsaya ba, ana karɓa kamar da. Tunda babu zaɓaɓɓen da zai yi tambaya a madadinmu, wanda ya biya shi ya rage ya yi ta da bakinsa. Kuma abin da muke nema ba asiri ba ne: a liƙa a bangon meri nawa aka tara bara, nawa ya dawo daga ma'aikatar haraji, nawa aka kashe a albashi da man mota, nawa a shara da magudanar ruwa da ajin makaranta. Kantoman da yake aiki tsakani da Allah wannan takarda kariya ce gare shi, don ita za ta nuna in da gaske ne kuɗin ba sa shigowa.

Bayan na gama da tawa takardar, na bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun rufe mini ƙofa, wani dattijo ma ya ce ko an ɗauke ni aiki ne. Amma mun samu masu gida 14 da ke da resin bana, na kuɗin kai ko na gida. Muka yi kwafi, muka rubuta wasiƙa shafi ɗaya: ga mu, ga abin da muka biya, ga magudanar bayan masallaci, muna son a faɗa mana ko tana cikin aikin bana, in ba ta ciki sai yaushe. Muka ce mu za mu fito da matasa da shebur in za a kawo motar kwashe yashin, don mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma ledar da ta toshe wurin ba daga sama ta faɗo ba. Mai unguwa ya sa hannu, aka karɓa aka buga mana hatimi a kwafinmu.

Sau 2 muka koma. Na farko aka ce mai sa hannu ya yi tafiya, na biyu aka ce ana dubawa. Har yau da nake wannan rubutu ba a taɓa magudanar ba, kuma damina ba za ta jira mu ba. Litinin mai zuwa za mu sake komawa da ƙarfe 9. Wannan karon mu 23 ne, don matan layin sun ce da su za a je, kuma dattijon da ya ce an ɗauke ni aiki ya aiko jikansa ya tambaya inda ake yin kwafi.